Taurarin amincin mota: ƙarfin ƙarfe ake aunawa ko idon na'ura?

A watan Afrilun 2021 hukumar da ke gwada amincin sababbin motoci a Turai, Euro NCAP, ta ba motar Dacia Sandero Stepway taurari biyu kacal daga cikin biyar. Wanda ya ji haka zai ɗauka motar ta lotse kamar gwangwani da aka buga ta da bango, amma ba abin da ya faru ke nan ba. A fannin kare manyan da ke cikin mota ta samu kashi 70 cikin 100, a fannin kare yara kashi 72, kuma hukumar da kanta ta ce da a ce ƙarfin jiki kaɗai ake dubawa, da ta cancanci taurari huɗu. Abin da ya ja ta ƙasa shi ne na'urorin taimaka wa direba. Birkinta mai kama kansa yana ganin motar da ke gaba, amma ba ya ganin mai tafiya a ƙasa ko mai keke, sannan ba ta da na'urar da ke hana ta kauce wa layinta.

Wannan batu ya shafi duk wanda ke shirin sayen mota a Yamai, Maraɗi, Garwa, Njamena ko Kumasi. Galibin motocin da ke sauka a tashoshin ruwan Kwatano, Lome, Duwala da Tema na hannu ne daga Turai da Amurka da Japan, waɗanda wasu ke kira Beljam ko tokumbo, masu jin Faransanci kuma su ce «France au revoir». Dillali yakan ce motarsa mai taurari biyar ce. Yana iya zama gaskiya ya faɗa, amma ma'anar taurarin ta sauya sau da dama cikin shekaru kusan 30.

Daga bango zuwa kyamara

Amurka ce ta fara wannan al'ada a 1979, lokacin da hukumar kula da amincin hanyoyinta, NHTSA, ta soma buga sababbin motoci da bango tana bayyana wa jama'a sakamakon. Turai ta biyo baya a 1997 da Euro NCAP, wadda ke da mazauni a birnin Leuven na Beljiyam. Ba doka ba ce, babu wanda ake hana sayar da mota don ta faɗi gwajin. Ƙarfinta yana cikin kunyar da take jawo wa kamfani. Motar Rover 100 ta samu tauraro ɗaya a zagayen farko, ba a jima ba aka daina ƙera ta. A 2001 Renault Laguna ta zama mota ta farko da ta samu taurari biyar.

A wancan zamani tambayar guda ce: idan karo ya auku, me zai sami mutumin da ke ciki? Ana zaunar da mutum-mutumi mai ɗauke da na'urorin awo a kai da wuya da ƙirji da ƙafafu, a tura motar da gudun kilomita 64 a awa ta daki shinge da wani ɓangare na gabanta, a kuma buge ta ta gefe. Daga nan sai a duba ko ɗakin fasinjoji ya tsaya da siffarsa, ko sitiyari ya shigo ƙirjin direba, ko ɗamarar kujera da jakar iska sun yi aikinsu.

A 2009 aka sauya tsarin. Aka raba makin mota gida huɗu: kare manya, kare yara, kare masu tafiya a ƙasa, sai kuma na'urorin taimaka wa direba. Da farko wannan gida na huɗu kashi 10 cikin 100 kawai yake da shi a jimillar maki, kuma abubuwan da ake nema a cikinsa ba su da yawa: ƙararrawar da ke tunatar da mutum ya ɗaura ɗamara, na'urar taƙaita gudu, da na'urar hana mota zamewa wadda ake kira ESC ko ESP. A 2014 aka ninka rabonsa zuwa kashi 20, aka rage na kare manya daga 50 zuwa 40, aka kuma shigo da birki mai kama kansa, wato AEB, da na'urar lura da layi. Daga nan kusan duk bayan shekaru biyu ana ƙara wani abu. A 2016 aka fara gwada ko birkin yana ganin mai tafiya a ƙasa, a 2018 mai keke, a 2023 mai babur.

Gidan da ya fi rauni shi ke yanke hukunci

Kashi 20 cikin 100 ba wani abu ba ne mai yawa, don haka mutum zai yi tsammanin mota mai ƙarfin jiki za ta iya cike giɓin da makin da ta tara a sauran wurare. Hukumar ta toshe wannan ƙofa. Ban da jimillar maki, kowane gida yana da nasa mizani, kuma taurarin da mota za ta samu ba sa wuce na gidan da ta fi rauni a cikinsa. A ƙa'idar da aka yi aiki da ita daga 2023, mai son taurari biyar sai ya kai kashi 80 a kare manya, 80 a kare yara, 70 a kare mutanen da ke wajen mota, da 70 a na'urorin taimako. Idan mota ta yi zarra a uku ta gaza a ɗaya, wannan ɗayan ne zai bayyana a tallarta.

Haka lissafin Sandero ya kasance. Kashi 70 da 72 sun kai ta matakin taurari huɗu, kashi 41 a fannin mutanen waje ya sauko da ita zuwa uku, kashi 42 a na'urorin taimako ya tsayar da ita a biyu.

Akwai kuma wani abu da ba ya fitowa fili sai an duba lissafin da kyau. Na'urori ba su tsaya a gidansu na huɗu ba, sun shiga gida na uku ma. A ƙa'idar 2023, makin kare mutanen waje 63 ne. Daga ciki, 36 na gwajin bugu ne, inda ake harba siffar kai da ta ƙafa a kan bonet da gilashin gaba da bamba don a ga irin raunin da za su yi wa mutum. Sauran 27 na na'urorin da ke hango mai tafiya, mai keke ko mai babur ne su taka birki ko su kauce. Ke nan motar da ba ta da waɗannan na'urori, ko da gabanta ya yi laushin katifa, ba za ta wuce kashi 57 ba a wannan gida, abin da bai kai mizanin taurari huɗu ba ma. Idan aka haɗa duka, nauyin na'urori a sakamakon ƙarshe ya zarce kashi 20 ɗin da ke rubuce.

Sai dai ƙa'idar ta yi tanadi ta ɗaya ɓangaren. Ba a ba mota makin birkin ganin masu tafiya sai gabanta ya ci wani mizani a gwajin bugu, kuma tarin kyamarori ba ya ceton motar da jikinta bai kare fasinja ba. Renault Zoe, wadda ta samu taurari biyar a 2013, ta tashi ba ko ɗaya a ƙarshen 2021. Ba ƙarancin na'urori kaɗai ya jawo mata ba: kamfanin ya cire jakar iskar gefe mai kare kai ya sa wadda ke kare ƙirji kawai, kuma a gwajin buga gefen mota da turke kan mutum-mutumin ya daki turken.

Misalin da ya fi nuna yadda ma'auni ke tafiya shi ne Fiat Punto. A 2005 ta samu taurari biyar a kare manya. An ci gaba da sayar da ita shekara da shekaru ba tare da wani babban sauyi ba, sai a Disambar 2017 hukumar ta sake gwada ta, ta zama mota ta farko a tarihin Euro NCAP da ba ta samu tauraro ko ɗaya ba. Makinta a na'urorin taimako sifili ne. Mota dai ita ce, ma'aunin ne ya wuce ya bar ta. Shi ya sa hukumar ke ɗaukar sakamako a matsayin wanda wa'adinsa ya ƙare bayan kimanin shekaru shida, kuma take gargaɗin kada a kwatanta taurarin shekaru mabambanta.

Hujjar masu gwaji da ƙorafin masu ƙera

Dalilin hukumar shi ne haɗarin da bai auku ba ya fi wanda aka tsira daga gare shi, kuma akwai alƙaluma a bayan wannan. Wani nazari da Euro NCAP da takwararta ta Ostareliya suka fitar a 2015 ya gano cewa birki mai kama kansa a ƙaramin gudu ya rage karon baya da kashi 38 cikin 100. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta samu ragin da ya kai kusan rabi idan aka haɗa birkin da ƙararrawar gargaɗi. Na'urar ESC kuwa, wadda ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya idan ta ji mota na shirin juyawa a kwana, ta daɗe da tabbatar da kanta. Binciken IIHS ya nuna tana rage haɗarin mutuwa a hatsarin mota guda, irin na kauce hanya da kifewa, da kusan rabi. Tarayyar Turai ta wajabta ta a duk sababbin motoci tun Nuwamban 2014.

Masu ƙera motoci masu araha suna da nasu ƙorafi. Shugabannin Dacia sun sha faɗin cewa ba sa farautar taurari, domin kowace kyamara da rada kuɗi ce da za ta hau kan mai saye, kuma abokan cinikinsu ba su nemi hakan ba. Kasuwa ba ta hukunta su ba: Sandero, wadda ake ƙerawa a Maroko, ita ce motar da aka fi saya a Turai a 2024. A cikin ƙorafin akwai gaskiya guda da ke da wuyar musantawa. Alama ɗaya ta taurari biyu tana iya rufe motoci biyu da ba su yi kama ba, ɗaya mai jiki mai rauni, ɗaya mai jiki mai kyau amma ba kyamara. Mai saye da bai buɗe cikakken sakamakon ba ba zai bambance su ba.

Direbobin Turai ma sun yi nasu gunaguni, musamman kan na'urar riƙe layi da ke fizgar sitiyari a ƙananan hanyoyi, da mai karanta allon gudu da ke ƙara ba gaira ba dalili. Da yawa sukan kashe su da zarar sun tada mota, kuma na'urar da aka kashe ba ta ceton kowa, ko da ta ci maki a filin gwaji. Tun Yulin 2024 dokar Tarayyar Turai ta wajabta birki mai kama kansa, na'urar riƙe layi ta gaggawa, mai gargaɗin wuce gudu da mai lura da gyangyaɗin direba a duk sabuwar mota, don haka samun na'urar ya daina zama abin yabo. Sabon tsarin da Euro NCAP ta tsara daga 2026 ya koma kan ingancin aikinta. An sake raba makin bisa matakan haɗari: tuƙi lafiya, kauce wa karo, kariya lokacin karo, da ceto bayan karo. Ana duba ko na'urar tana damun direba ba bisa dalili ba, kuma ana son muhimman abubuwa irin su sigina, ham, magogin gilashi da fitilar gargaɗi su kasance da maɓallin da hannu ke taɓawa, maimakon a binne su cikin allon taɓawa.

Amurka ta bi wata hanya dabam. Taurarin NHTSA sun dogara ne kan karon gaba, karon gefe da yiwuwar kifewa, na'urorin taimako kuma ana jera su a gefe a matsayin abin da hukumar ta ba da shawara. Don haka taurari biyar a jikin motar da ta fito daga Amurka da taurari biyar na Turai ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ita IIHS ba ta amfani da taurari, amma ba ta ba mota lambarta ta yabo sai fitilunta da birkin ganin masu tafiya sun ci jarrabawa.

Abin da ke ƙetare teku da abin da ba ya ƙetarewa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba da mutum 19 cikin kowane 100,000, kusan ninki uku na Turai. Da yawa daga cikin mamatan ba a cikin mota suke ba, masu tafiya a ƙasa ne da masu babur. A bisa wannan, birkin da ke ganin mutum ya fi dacewa da titin kasuwar Damagaram ko layin 'yan kabu-kabu fiye da titunan Jamus. Matsalar ita ce yanayin da aka gina na'urar a kansa.

Na'urar riƙe layi tana bin farin fenti ne a kan kwalta. Inda fentin ya goge, ko yashi ya rufe shi, ko hanyar ta jar ƙasa ce, ba ta da abin bi. Mai karanta gudu yana buƙatar alluna a bakin hanya da taswirar da ta san wurin. Maɓallin kiran gaggawa da aka wajabta wa sababbin samfuran motoci a Turai tun 2018 an ɗora shi ne kan lambar 112 da cibiyoyin amsa kira na can. Ita kuma kyamarar da ke bayan gilashin gaba, hazon hunturu da ƙura suna rage mata gani kamar yadda suke rage wa direba. Duhu ma haka: wani nazarin IIHS na 2022 ya gano cewa birkin ganin masu tafiya ya rage kaɗe mutane da kusan kashi 27, amma a hanyoyin da ba su da fitila da dare bai nuna wani bambanci ba. Wanda ya san yadda hanyoyin karkara suke bayan magariba, da amalanken jaki da ba fitila da garken shanu masu tsallakawa, ya san abin da wannan ke nufi.

Sai batun gyara, wanda dillalai ba su cika ambata ba. Idan aka sauya gilashin gaba, dole a sake saita kyamarar da na'ura ta musamman, domin karkata kaɗan tana sa ta auna tazara ba daidai ba. Radar tana zaune ne a bayan bamba ko bayan tambarin kamfani, kuma ƙarfen kariya da ake walda wa gaban mota don tafiyar daji yana iya tare ta gaba ɗaya. Motar da ta yi hatsari a ƙasar da ta fito, aka saye ta a gwanjo aka gyara jikinta a nan, tana iya zuwa da gurbin na'urar ba na'urar a ciki.

Yawancin motocin da ke isowa ma sun girmi wannan zance. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga ƙananan motocin hannu miliyan 14 da Turai, Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 zuwa Afirka. Binciken da hukumomin Holand suka yi kan waɗanda ke barin tashoshinsu ya tarar da yawancinsu sun kai shekaru 16 zuwa 20, kuma ba su da takardar cancantar hawa hanya mai aiki. Taurarin irin waɗannan motoci, in suna da su, na tsohon ma'auni ne, wanda ke magana kan ƙarfin jiki lokacin da motar take sabuwa.

Sabuwar mota ma ba tabbas ba ce. Euro NCAP tana gwada samfurin da ake sayarwa a Turai, da kayan da ke cikinsa a can. Mota mai suna iri ɗaya da aka ƙera don kasuwar Afirka tana iya zuwa da jakunkunan iska kaɗan, ba ESC, wani lokaci ma da tsohon ƙashin jiki. Ƙungiyar Global NCAP ta fara gwada motocin kasuwar Afirka a 2017 tare da ƙungiyar masu motoci ta Afirka ta Kudu. A zagayen farko Toyota Etios ta samu taurari huɗu a kare manya, Datsun GO+ ɗaya, Chery QQ3 ba ko ɗaya. A 2018 a-kori-kura ƙirar Nissan NP300 Hardbody ta tashi da sifili. A 2020 ƙungiyar ta haɗa sabuwar NP300 ta Afirka karo da tsohuwar Navara ta Turai ƙirar 2015: ɗakin direban sabuwar ya murƙushe, na tsohuwar ya tsaya. Ma'aunin Global NCAP ya fi na Turai sauƙi, ya fi karkata ga jiki da ɗamara da jakar iska, ko da yake tun 2022 ya fara neman ESC kafin a ba da manyan taurari. Taurarinsa da na Euro NCAP ba a auna su da mudu ɗaya.

Ga mai saye a wannan yanki, sakamakon Euro NCAP yana da amfani idan aka karanta shi gida-gida. Ana samunsa kyauta a shafin hukumar na intanet, da shekarar gwaji da kason kowane fanni. Lambobi biyu na farko, na manya da na yara, su ne ke biyo mota duk inda ta je, muddin ba a taɓa yanke jikinta an haɗa ba. A cikin na'urori, ESC da ƙararrawar ɗamara ba sa buƙatar fenti ko allo ko taswira, suna aiki a hanyar Tawa kamar yadda suke yi a ta Faransa. Birki mai kama kansa riba ce idan yana nan kuma an saita shi. Sauran sun danganta da hanyar da motar za ta riƙa bi.

Akwai gwaji ɗaya da ake iya yi a filin dillali ba tare da makanike ba. Idan aka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun jakar iska, ABS da ESC su kan kama a allon gaban direba na 'yan daƙiƙoƙi sannan su mutu. Wadda ta ƙi mutuwa tana nuna matsala. Wadda ba ta kama ba sam ita ce ta fi zama abin tambaya, domin akan cire ƙwanta ko a rufe ta don a ɓoye cewa na'urar da take wakilta ba ta aiki.